Filin Makaniki: Tankin tsohon babur ya fara yoyo, a canza ko a gyara?

Assalamu alaikum masu karatu. Kowace shekara da zarar damina ta ɗauke, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sai su koma maganar tanki. Ruwan da ya kwanta a cikin tankuna tun watan Yuli sai yanzu yake nuna aikinsa. Na ɗauki wasiƙa ɗaya daga Pitowa na baje ta sosai, domin amsarta ta ɗauke tambayoyin mutane da yawa. Sauran na bi su a gurguje.

TAMBAYA: Baba makaniki, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Ina da tsohon Honda CG 125 da na gada wurin mahaifina. Da shi nake ɗauko albasa da gyaɗa daga ƙauyuka in kawo kasuwarmu ta Lahadi. Injinsa lafiya lau, amma tankin ya fara tsattsafar da mai ta ƙasa, gefen hagu, kusa da sirdi. Ina goga masa sabulu ya tsaya, bayan kwana biyu ya dawo. Ga wani jan gari da ke toshe mini kafireta kullum. Na ga sabon tanki ɗan China a Garwa, mai shagon ya ce mini CG duk CG ne, in saya kawai zai hau. Shin gaskiya ne? Kuma zan iya canzawa da kaina ko sai na kai gareji? Daga ɗanka a Pitowa.

AMSA: Ɗana, Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ya bar maka abin kirki. Honda ta fito da CG 125 a tsakiyar shekarun 1970, kuma da gangan ta ƙera shi domin ƙasashe irin namu, inda ake labta wa babur kaya fiye da ƙima, ba a kuma canza baƙin mai a kan kari. Shi ya sa injinsa kan ga bayan tankin da aka haife shi da shi.

Wurin da ka ce yana tsattsafa, ko ba ka faɗa ba nan zan fara sa hannu. Babur in an jingina shi a ƙafar gefe, hagu yake karkata. Ruwa kuwa ya fi fetur nauyi: litar ruwa kilo ɗaya ce, litar fetur ba ta wuce giram 740 ko kusa da haka. To duk ɗigon ruwan da ya shiga tanki sai ya nutse ya gangara wannan lungun na hagu, ya kwanta a kan ɗinkin ƙarfen, yana ci daga ciki. Ranar da ka ga fenti ya yi ɗan ƙurji a waje, ciki ya daɗe da lalacewa.

Ta ina ruwan ke shiga? Kowa zuwa-zuwa, wato man bumburutun da ake sayarwa a bakin titi, yake zargi, kuma ba a rasa gaskiya a ciki. Man da ya kwana a duro da jarka, aka ɗura shi a kwalba aka jera a bakin titi, ba ya rasa ɗan ruwa da ƙura. Amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai robar murfi da ta bushe, ruwan sama na bi ta nan. Akwai yaran da ke wanke babura a bakin Binuwai, suna kwara bokiti a kan murfin kai tsaye. Sannan akwai wanda ba a cika lura da shi ba: yawancinmu lita ɗaya muke sha, ko rabi, tankin da ke cin lita goma da wani abu kullum fanko yake yawo. Da rana ƙarfe ya ɗau zafi, da dare ya huce, iskar da ke ciki ta yi raɓa a jikin bango ta gangara ƙasa. Tankin da ke zama cike bai cika tsatsa ba. Na san aljihu ne ke hanawa, ba rashin sani ba.

Kafin ka kai kuɗinka Garwa, duba naka tukuna. Juye man, ka cire tankin, ka haska ciki da tocila. Tocila na ce, ban ce ashana ba. Sai ka ɗauki sukundireba ka bi ƙasan tankin kana dannawa a hankali, daga gaba har baya, gefe biyu. In huda ɗaya ce ko biyu kamar bakin allura, kewayensu kuma da ƙarfi, to wannan tankin bai mutu ba. In kuwa ƙarfen na lotsawa, ko sukundireba ta buɗe maka sababbin huji a jere, to ya gama aikinsa, kada ka ɓata kuɗi a kansa.

Ni dai in za a bi tawa, tsohon tankin Japan da zai gyaru ya fi mini sabo ɗan kwaikwayo. Ɗaga su biyun, ɗaya a kowane hannu, za ka ji bambancin kaurin ƙarfe. Gyaransa ba wuya. A cire famfon mai a toshe ramin, a zuba ƙananan notina cikin tafin hannu biyu da kananzir, a girgiza har hannu ya gaji, a juye. Ka ƙirga notinan kafin ka zuba, ka ƙirga bayan sun fito. Wanda ya maƙale, maganaɗisu a bakin waya zai ciro shi. Sai a cika tankin da ruwan khal ya kwana ɗaya ko biyu, ya cinye sauran tsatsar. A wanke da ruwa sosai, a shanya nan take a rana baki a buɗe, domin ƙarfen da aka wanke da abu mai tsami ba ya jira, kafin la'asar ya sake yin ja. Da ya bushe a zuba ɗan fetur da aka gauraya da man inji a juya shi ya shafe ko'ina. Hujin kuwa ka kai wa mai gyaran lagireto ya like da dalma, irin likin da ake gasa ƙarfen a wuta can nesa sannan a kawo shi kan tanki. Sabulun da kake gogawa dabarar hanya ce, tana aiki ne don fetur ba ya narkar da sabulu, amma ruwa na narkar da shi, girgiza kuma na kakkaɓe shi. Ya kai ka gida ne kawai.

Yanzu mu ce naka ya mutu, sai an canza. Maganar mai shago rabin gaskiya ce. Babura da yawa da ke shigo mana daga China a kan CG aka kwaikwaye su, musamman injin. Amma kama da wane ba ta wane. Kowane kamfani ya taɓa shasi yadda ya ga dama: wannan ya ƙara tsawo, wancan ya faɗaɗa bututun sama, wani ya matsar da wurin noti. Sayen tanki ba tare da babur a wurin ba kamar sayen takalmi ne ba a kai ƙafa ba. Pitowa da Garwa ba nisa, hau abinka ka je da shi har ƙofar shagon, ka cire naka a gabansa, a ɗora nasa. Mai shagon da ya ƙi a gwada, wuce na gaba. Kuma kada ka tsaya kan sababbi kawai, leƙa wurin masu kwance tsofaffin babura, wani lokaci a dace da tankin asali wanda fentinsa ne kawai ya koɗe.

Idan an ɗora, ga abin da za ka bi da ido da hannu.

Fara da gaba. A jikin shasi, bayan wuyan babur kaɗan, akwai robobi biyu masu kauri, ɗaya dama ɗaya hagu. A ƙarƙashin tanki kuma akwai wasu kunnuwa biyu masu lanƙwasa da ke shiga kan robobin. Nan ne nauyin gaban tanki yake. Ya kamata su shiga da ɗan matsi. In sun yi sako-sako tanki zai riƙa rawa, in sun ƙi shiga kada a buga da guduma. Ana iya sa roba mai ɗan kauri ko a fere wadda ke akwai, wannan ƙaramin abu ne.

Wanda ya fi ba da wahala shi ne kwarin da ke ƙarƙashin tanki, inda bututun shasi ke wucewa. A cikin wannan kwarin kwayil yake zaune, ga damin wayoyi, ga wayar totur da ta kulochi duk ta nan suke bi. Ido ba ya ganin wurin in an ɗora tanki. Abin da muke yi a gareji shi ne mu ɗora ɗan curin laka a kan kwayil da kan bututun, mu sauke tanki a hankali ya zauna, mu ɗaga. In lakar ta baje har ƙarfe ya bayyana, to suna gogar juna. Ana son a ga ta rage da kaurin ɗan yatsa ko kusa da haka. Kada ka raina wannan. Tankin da ke gogar waya, wata rana zai cinye rigar wayar, ga wuta ga fetur a wuri ɗaya tsakanin cinyoyinka.

Sai baya. Noti ɗaya ne ke riƙe wutsiyar tanki a ƙarƙashin sirdi, da roba sama da ƙasa. Sau da yawa ramin sabon tanki kan kuskure na shasi da ɗan taƙi. Maganinsa ɗan guntun ƙarfe mai faɗi da huji biyu, ɗaya ya kama shasi, ɗaya ya kama tanki. Ƙa'idata a nan ba ta canzawa: a ƙera abin haɗi, kada a yanka shasi, kada a huda tanki. Kuma robobin nan na sama da ƙasa ba ado ba ne. Tankin da aka ɗaure ƙarfe kan ƙarfe, hanyoyin ƙauyukan da kake bi da buhunan albasa za su tsaga shi daga wurin notin kafin shekara ta zagayo. Masu ɗaure wutsiyar tanki da tsohon tub na taya su ce ai ya riƙe, ranar da suka faɗi ne za su ga tanki ya riga su tashi. Mayar da sirdi ka ga ko harshensa na shiga inda ya saba, ba tare da ya bar gibi ko ya hau kan fenti ba.

Daga nan ka murɗa kan babur har ƙarshe, dama da hagu, hannunka na riƙe da shi kamar kana tuƙi. In kawunan shokozoba na bugun tanki, ko babban yatsanka na matsewa, wannan tankin ya yi faɗi a gaba. Ajiye shi, komai kyansa.

Famfon mai shi ne inda mutane suka fi shan mamaki bayan sun kai tanki gida. Wani tankin bakin famfonsa na murɗawa ne, kuma ko a nan ba girma ɗaya ba ne, akwai mai milimita 14 akwai mai 16. Wani kuma da ƙananan notina biyu ake ɗaure shi. In tsohon famfonka bai hau ba, sayi wanda ya dace da tankin a wurin, a ranar. Kada a tilasta shi, tiredin, wato zanen da ake murɗa famfon a kai, in ya cinye tankin ya tashi aiki. Kada kuma a naɗa masa farin zaren roban nan na masu gyaran famfon ruwa. Wasar da ke tsakani, wato 'yar zoben da ke tsakanin famfo da tanki, ce ke hana yoyo, ita za a sa sabuwa. Duba kuma inda famfon ya faɗo. CG ba shi da abin da ke tura mai, nauyinsa ne ke gangaro da shi, saboda haka dole bakin famfo ya fi mashigar kafireta tsawo, kuma hannun famfon ya juya ba tare da ya taɓa kan inji ba.

Wasu sababbin tankunan suna zuwa da abin awon mai a ƙasa, da wayoyi biyu a rataye. Babur ɗinka ba shi da agogon da zai karanta shi, kuma tsofaffin CG da yawa wutarsu bolt 6 ce, na yanzu 12. Bar shi a wurinsa ya zama marfi, tabbatar robarsa ba ta yoyo, ka naɗe bakin wayoyin ka ɗaure su gefe.

Ko za ka iya da kanka? Ƙwarai kuwa. Sifana 10 da 12, filaya da sukundireba sun ishe ka. Yi da sassafe a inuwa, inji a sanyi, a fili ba cikin ɗaki ko zaure ba, nesa da murhu da mai shayi da mai shan taba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa ya tarar da garwashin da ka ɗauka ya yi nisa. Ajiye bokitin yashi kusa. Cire wayar batir. Juya famfo zuwa OFF, zare tiyo daga kafireta ka sa bakinsa a jarka, ka juya zuwa RES, wato ajiya, man ya tsiyaye duka. Cire sirdi, kwance notin baya, ɗaga wutsiyar tanki kaɗan ka ja shi baya, zai zare daga robobin. Tun da wurin ya buɗe, duba wayoyin da suka shekara ba su ga rana ba, wanda ya goge ka naɗe. Wajen ɗora sabo, shafa wa robobin ruwan sabulu su yi santsi. Ban da giris ko baƙin mai, suna kumbura roba.

Sabon tanki ba ya nufin tsabtataccen tanki. A cikinsa akan samu ɓurɓushin walda, ƙura, wani lokaci har tsatsar da ya yi a jirgin ruwa da sito. Zuba masa rabin lita ka girgiza ka juye ta cikin farin ƙyalle, ka ga abin da zai fito. Sannan ka sa famfo, ka zuba lita biyu, ka ɗora shi a kan busasshiyar takardar buhun siminti ka bar shi ɗan lokaci, ka karkata shi gaba da baya. Ɗigo ɗaya zai nuna a takardar. Gara ka gano yoyon yau, rasit na aljihunka, da ka gano shi bayan mako biyu.

Tiyo ma sabo za ka sa, baƙi na mai. Farin tiyon da magina ke awo da shi, da na ƙarin ruwan asibiti da nake gani a baburan mutane, fetur na busar da su su sandare, wata rana su zame a kan inji mai zafi. Sa ƙaramar matatar mai a tsakani, irin mai haske da ake ganin cikinta, kibiyar da ke jikinta ta kalli kafireta. Tiyon ya gangara kai tsaye, kada ya yi doro ya hau sama, kada ya kwanta a kan inji. Kuma jan garin da ka ambata yana nan a cikin kafireta yana jiranka. In ba ka kwance kwanon ƙasa ka wanke, ka hure jet-jet ɗin ba, za ka sa sabon tanki babur ya ci gaba da shaƙewa, ka zo kana zagin mai shago a banza.

Abu na ƙarshe da kusan kowa ke mantawa: ajiyar mai. A cikin famfo bututu biyu ne, dogo da gajere. ON na sha ta dogon, RES na sha ta gajeren, man da ke tsakanin bakunansu shi ne ajiyarka. Da ka canza tanki ko famfo, wannan lissafin ya canza. Auna shi tun a gida. Tanki fanko, famfo a ON, bakin tiyo a cikin kwalba, ka riƙa zuba mai kaɗan-kaɗan da ma'auni. Daidai lokacin da ya fara fitowa, abin da ka zuba shi ne ajiyarka. Na ga tankin da ajiyarsa ta kai lita biyu, na ga wanda ko kofin shayi ba ta cika ba. Ba a tsakiyar daji da buhu uku a baya ake son sanin wannan ba. Kuma ka riƙa juya famfon zuwa RES lokaci-lokaci ko da mai a cike, domin ɗan ruwan da ya taru ya fita tun yana kaɗan.

Tsohon tankin kada ka bar wa yara su yi wasa da shi, kada a mai da shi mazubin ruwa. Bar shi a buɗe a rana kwanaki kafin ka ba masu gwangwan.

TAMBAYA: Kawu, ni ɗan kilando ne, wato ɗan acaɓa, a Marwa. Ina so mai walda ya yanka tankina ya ƙara masa ciki ya riƙa cin kamar lita 20, in riƙa cikawa inda mai ke da sauƙi. Abokaina biyu sun yi. Me ka gani?

AMSA: Ɗan ƙanena, na gane lissafinka. A watan Fabrairun 2023 litar fetur a gidan mai a Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840. A tsakani, ranar 29 ga Mayun 2023, Najeriya ta janye tallafin mai, zuwa-zuwan da muka dogara da shi shekara da shekaru ya yi tsalle. Duk mai cin abinci da babur ya ji a jikinsa. Amma ban goyi bayan wannan aikin ba.

Na farko, waldar kanta. Mutane na ɗauka tankin da aka juye ba shi da haɗari, alhali shi ne mai haɗarin. Tururin fetur na kamawa ne in ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi ɗaya da rabi zuwa kashi bakwai da rabi cikin 100. Abin da ya maƙale a ɗinkin fankon tanki ya isa ya kai wannan. Ɗauraya ɗaya da ruwa ba ta fitar da shi. Zafin walda na taɓa ƙarfen sai ya sake tasowa. Masu waldar da suka san aikinsu sukan wanke da ruwan zafi da omo sau da yawa, sannan su cika tankin da ruwa har kusa da inda za su taɓa. Wannan don toshe ƙaramar huda ke nan. Kai kuwa yanka za a yi daga gaba har baya, a yi sabon ɗinki mai tsawo a kan ƙarfe marar kauri. Irin wannan ɗinkin in bai tsattsafa a watan farko ba, zai yi a na shida, kuma fasinja kake ɗauka.

Na biyu, nauyi. Ƙarin lita goma ya haura kilo bakwai, ban da ƙarfen da aka ƙara, kuma duk a sama yake, yana kai-kawo. A kwalta ba za ka ji sosai ba. Ranar da ka shiga yashin mayo, wato busasshen rafi, da fasinja a baya, za ka ji kan babur na neman ƙwace maka. Robobin gaba da notin baya ma ba don wannan nauyin aka yi su ba. Ga kuma tankin da ya kumbura yana jawo ido a shingen duwan, wato kwastan, ka riƙa bayanin da ba ka da bukatarsa. In tankinka ƙarami ne da gaske, nemi na kamfani mai ɗan girma wanda zai hau, ka bi gwaje-gwajen da na zayyana wa ɗan Pitowa. Ribar kilando ta fi fitowa daga kafireta mai kyau da iskar taya daidai, ba daga girman tanki ba.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Njamena. Makullin tankin ƙaramin babur ɗina ya ɓace, aka fasa murfin aka sa mini sabo. Tun daga nan in na yi tafiya kaɗan sai ya riƙa shaƙewa ya mutu. In na tsaya na ɗan jima sai ya tashi. An canza buji, wato fulogi, sau biyu, an wanke kafireta, ba sauyi.

AMSA: Malama, a bar buji ya huta, murfin ne. Murfin tankin yawancin babura yana da wata 'yar ƙaramar kafa da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita. In babu ita, ko ta toshe, mai zai gangara na ɗan lokaci sannan ya tsaya cak, kamar an rufe famfo. Tsayawar da kike yi ce ke ba iska damar sulalewa ciki kaɗan-kaɗan. Gwada wannan: da ya mutu, buɗe murfin nan take ki saurara. In kin ji ya ja iska, kuma babur ya tashi ba gardama, magana ta ƙare. Makaniki ya kwance cikin murfin ya buɗe kafar da allura, ko a nemo wani murfin. Kada a huda shi da ƙusa daga sama, ƙurar Njamena da ruwan damina za su samu ƙofa. In kuwa kin buɗe ba abin da ya canza, a duba tiyo, wataƙila ya lanƙwashe lokacin da suke aikin.

TAMBAYA: Alhaji, ina da Suzuki A100 tun na ƙuruciya. An canza mini tanki, sai yaron ya ce daga yanzu in riƙa zuba man hayaƙi a cikin fetur. Haka ne? Daga wani dattijo a Ngaundere.

AMSA: Ranka ya daɗe, yaron ya haɗa abin da bai haɗu ba. A100 yana da tankin man hayaƙi nasa daban a gefe, da ɗan famfo a jikin inji da ke aika man gwargwadon yadda aka murɗa totur. Canza tankin fetur bai shafi wannan ba ko kaɗan. Abin dubawa ɗaya ne: wayar totur ta wannan babur ta rabu biyu, reshe ɗaya na zuwa kafireta, ɗaya na zuwa famfon, kuma ta ƙarƙashin tanki take bi. A tabbatar sabon tankin bai danne ta ba. In man da ke tankin gefe yana raguwa kamar da, salansa na fitar da ɗan hayaƙinsa, kada a ƙara komai a fetur. Ƙarin sai dai ya jiƙa buji ya toshe salansa. Kuma kada ka yarda a cire famfon a ce gauraye ya wadatar, don Suzuki ta tsara shi ne ya kai mai har wurin boris na cikin inji. Masu gauraye a tanki su ne irin mobilet, su ne ake zuba wa mililita 20 zuwa 40 a kowace lita.

Wani kuma daga Kusiri ya tambaya ko canza tanki na taɓa takardun babur. Lambobin da ake dubawa a kat giriz, wato takardar rajistar babur, suna jikin shasi da inji, tanki ba shi da lamba. Amma ka karɓi rasit wurin mai shagon ka haɗa da takardun, musamman in launin tankin ya saɓa da na sauran jikin babur, ko sunan da ke jikinsa ba na kamfanin babur ɗinka ba ne. Kai da ke tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena safe da yamma, za a tambaye ka.